Rumbun Zafi da Wutar Dare: Abin Lura Kafin Sauya Kamfanin Lantarki a Birtaniya

Gabatarwa

A ƙasar Birtaniya, inda sanyin hunturu kan kai ruwa ya daskare, akwai gidaje masu yawa waɗanda bututun iskar gas bai kai gare su ba, musamman gidajen haya na dogayen benaye da na ƙauyukan Sikotlan. Irin waɗannan gidaje da wutar lantarki suke ɗumama ɗakunansu, kuma da dama daga cikinsu suna amfani da wata na'ura wadda za a iya kira rumbun zafi. Kamar yadda manomi yake zuba hatsi a rumbu lokacin kaka don ya ci da bazara, haka wannan na'ura take tara zafi da dare, lokacin da wuta take da araha, ta sake shi da rana. Wannan darasi zai bayyana yadda na'urar take aiki, da dalilin arahar wutar dare, da kuma abubuwan da mai gida ya kamata ya lura da su in yana son ya bar kamfanin da yake sayar masa da wuta ya koma wani.

Yadda rumbun zafi yake aiki

Rumbun zafi akwati ne na ƙarfe wanda ake jinginawa da bango. A cikinsa an jera bulo masu nauyi, an ratsa tsakaninsu da waya irin ta hitar dafa ruwa, sa'an nan aka kewaye su da abin da yake hana zafi fita da sauri. In wuta ta bi ta cikin wayar sai ta yi ja, ta gasa bulon har zafinsu ya kai ɗaruruwan digiri.

Yawan zafin da abu zai iya ajiyewa ya dogara ne da abubuwa uku: nauyinsa, da ƙarfinsa na riƙe zafi, da kuma iyakar inda zafinsa ya hau. Kilo ɗaya na ruwa yana buƙatar jul 4,200 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, bulo kuwa abin da yake buƙata bai kai rubu'in haka ba. To, me ya sa aka zaɓi bulo? Dalili shi ne ruwa yana tafasa a digiri 100, bulo kuma ana iya kai shi nesa da haka bai narke ba, saboda haka ƙaramin akwati sai ya ɗauki zafi mai yawa. Babban rumbu mai ƙarfin kilowat 3.4, in ya sha wuta awa 7, ya ajiye yunit 23.8 ke nan, kuma kowane yunit daidai yake da jul miliyan 3.6.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa. Bango mai kauri yakan sha zafin rana, ya riƙa sakinsa a hankali bayan faɗuwar rana. Haka ma jikin raƙumi: binciken da Knut Schmidt-Nielsen ya yi a hamadar Sahara cikin shekarun 1950 ya nuna cewa raƙumin da yake fama da ƙishirwa yakan bar zafin jikinsa ya tashi daga wajen digiri 34 da asuba zuwa sama da 40 da rana, sa'an nan ya fitar da shi cikin sanyin dare ba tare da ya yi hasarar ruwa ta gumi ba.

Tsofaffin rumbuna suna da maɓalli biyu. Ɗaya yana ƙayyade yawan zafin da za a tara da dare, ɗayan kuma yana buɗe wata 'yar ƙofa da iska mai ɗumi take fita. Wanda ya buɗe ƙofar gaba ɗaya tun da safe, kafin magariba rumbunsa ya huce, sai ya koma kunna ƙaramar hita da wutar rana mai tsada.

Dalilin arahar wutar dare

Wutar lantarki ba ta ajiyuwa da sauƙi. Abin da tashoshi suke samarwa tilas ya yi daidai da abin da ake sha a kowane lokaci. Da dare masana'antu da ofisoshi sun rufe, mutane sun yi barci, buƙata ta ragu, amma manyan tashoshin kwal da na nukiliya ba a iya kashe su da dare a tayar da safe ba tare da hasara ba. Don haka aka ga ya fi kyau a karya farashi, a jawo mutane su sha wutar a wannan lokaci. A shekarar 1978 aka fito da tsarin farashin da ake kira Economy 7, wanda yake ba da awa 7 na wuta mai rahusa, galibi daga wajen tsakar dare zuwa wajen ƙarfe 7 na safe, ko da yake lokacin ya bambanta daga yanki zuwa yanki. Birtaniya ta rufe tasharta ta kwal ta ƙarshe, wato Ratcliffe-on-Soar, a watan Satumba na 2024, amma dalilin bai gushe ba, domin injinan da iska take juyawa ba su san dare ba.

A wannan tsari mita tana da ma'auni biyu, na rana da na dare. Sharaɗin da ke ciki shi ne farashin rana ya fi na mai biyan farashi guda tsada. Wanda bai sha wuta da yawa da dare ba, faɗuwa yake yi.

Mece ce sauyar kamfani?

Tun shekarar 1999 kowane gida a Ingila da Wales da Sikotlan yake da ikon zaɓar kamfanin da zai sayar masa da wuta. Wannan ya bambanta da Nijeriya, inda tun 2013 aka raba ƙasar tsakanin kamfanonin rarraba wuta 11, kuma galibi inda gidan mutum yake shi ne yake zaɓa masa kamfani. A Birtaniya sauyar kamfani ba ta taɓa waya ko turke. Wutar da ke shiga gidan ita ce dai ta jiya. Abin da ya canja shi ne mai aiko da takardar kuɗi da kuma farashinsa. Hukumar Ofgem, mai sa ido kan kasuwar, ta wajabta tun watan Afrilu na 2024 a kammala sauyin cikin ranakun aiki 5. Mai saye yana da kwana 14 na canja shawara, kuma in saura kwana 49 ko ƙasa da haka yarjejeniyarsa ta ƙayyadajjen farashi ta ƙare, ba a cajinsa kuɗin fita.

Lissafin da ya kamata a yi

Kuskuren da aka fi yi shi ne duban farashin rana kaɗai. Ga misali da aka ƙaga don aikin aji, inda fam ɗaya yake daidai da kwabo 100. Wani gida yana shan yunit 8,000 a shekara, 3,000 da rana, 5,000 da dare. Kamfani na farko yana sayar da yunit kwabo 30 da rana, 14 da dare. Kuɗin rana fam 900, na dare fam 700, jimla fam 1,600. Kamfani na biyu yana sayarwa kwabo 27 da rana, 19 da dare. Kuɗin rana fam 810, na dare fam 950, jimla fam 1,760. Ashe wanda ya fi arahar rana shi ne ya fi tsada da fam 160. In kuma gidan ya koma farashi guda na kwabo 25, zai biya fam 2,000.

Amma a juya lissafin. Gidan da yake shan yunit 6,500 da rana, 1,500 da dare, zai biya kamfani na farko fam 2,160, alhali farashi guda fam 2,000 ne. Saboda haka abin da mai gida zai fara nema shi ne adadin yunit ɗin da ya sha a shekara, na rana daban, na dare daban. Bayan haka sai ya ƙara kuɗin tsaye da kowane kamfani yake karɓa kullum, ko an sha wuta ko ba a sha ba.

Matsalar mita

Ba kowace mita ce kowane kamfani yake karɓa ba. Kowane gida yana da lambar shaida mai alƙaluma 13 a takardar kuɗinsa, amma wasu gidaje, musamman a arewacin Sikotlan, suna da lamba biyu, ɗaya ta fitilu da kayan gida, ɗaya ta rumbunan zafi. Wanda ya sauya lamba ɗaya ya bar ɗaya zai wayi gari da kamfanoni biyu suna binsa kuɗi.

Akwai kuma batun abin da yake kunna rumbun da dare. A wasu gidaje agogo ne a jikin mita, kuma wasu agogunan ba sa bin sauyin lokacin bazara, don haka awannin rahusa kan gusa da awa ɗaya. A wasu gidajen kuwa, tun shekarun 1980, saƙon rediyo ne da ake goya wa tashar BBC Radio 4 a dogon zango, kilohaz 198, yake umartar mita ta koma farashin dare. An fara kashe wannan saƙo mataki-mataki daga ranar 30 ga Yuni, 2025, ana maye gurbin tsofaffin mitocin da na zamani. Mai rumbun zafi ya kamata ya tabbata cewa sabuwar mitarsa tana iya kunna layin rumbunan da kanta, kuma sabon kamfanin ya faɗa masa awannin rahusarsa a rubuce.

Ranar sauyi, wajibi ne a karanta ma'aunai biyun a rubuta su, a aika wa sabon kamfani. Yakan faru a musanya su, a riƙa cajin wutar dare da farashin rana. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a duba mita da hantsi, a sake dubawa da la'asar, ma'aunin da ya motsa shi ne na rana.

Kammalawa

Wannan al'amari ya wuce batun kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada zafin ɗaki ya gaza digiri 18 a ƙasashe masu sanyi. In jiki ya daɗe cikin sanyi, jijiyoyin jinin fata sukan tsuke, hawan jini ya ƙaru, zuciya ta ƙara wahala, kuma tsofaffi da jarirai su ne suka fi cutuwa. Gidan da aka ɗora wa farashin da bai dace da na'urarsa ba, ƙarshensa ya kashe rumbun don tsoron takardar kuɗi. Lissafin mintoci kaɗan yana iya hana haka.

Tambayoyi don ɗalibai

1. Rumbu mai ƙarfin kilowat 2.5 ya sha wuta awa 7. Yunit nawa ya ajiye, kuma jul nawa ke nan?

2. A misalin da aka bayar, kashi nawa cikin 100 na wutar gida ya kamata a sha da dare kafin kamfani na farko ya yi daidai da farashi guda na kwabo 25?

3. A kwatanta ɗaki mai rufin kwano da soron ƙasa da tsakar rana da kuma tsakar dare, a bayyana dalilin bambancinsu.