Darasin Kimiyya: Me Ya Sa Zuciyar Babban Mutum Ba Ta Sake Tsoka?

Darasinmu na yau a kan tsokar zuciya ne, da abin da ke samun ta idan cuta ta taɓa ta bayan mutum ya girma. Fata tana warkewa, ƙashi yana haɗewa, hanta ma in an yanke mata wani sashe takan mayar da shi. To, me ya hana zuciya yin haka?

Ƙwayar da ke yin aikin

Zuciya na bugawa kusan sau 100,000 a rana, tana tura jini kimanin lita 7,000. Masu wannan aiki su ne ƙwayoyin tsokar zuciya, waɗanda yawansu ya kai biliyan 2 zuwa 4. Tsawon kowace ɗaya kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. A cikinta akwai zaruruwan furotin iri biyu, aktin da mayosin, a jere cikin ƙananan gaɓoɓi da ake kira sakomiya. Da zarar sinadarin kalsiyam ya kwararo, sai zaruruwan su ja juna, ƙwayar ta tsuke. Kusan sulusin cikinta maitokondiriya ne, wato injinan da ke ƙona abinci da iskar oksijin su ba ta ƙarfi. Kuma kowace ƙwaya na manne da maƙwabtanta ta wasu ƙofofi da lantarkin jiki ke ratsawa, shi ya sa suke tsukewa tare. Ku riƙe batun lantarkin nan, za mu buƙace shi.

A cikin mahaifa, zuciya na girma ne ta hanyar rabuwar ƙwayoyi, ɗaya ta zama biyu. Bayan haihuwa rabuwar takan ja baya har ta kusa tsayawa, sai kowace ƙwaya ta koma ƙara jiki. Wani lokaci ma takan kwafi DNA ɗinta kamar za ta rabu, amma ta kasa tsagewa.

Abin da ke biyo bayan rauni

Mu ɗauki mutumin da gudan jini ya toshe masa jijiyar da ke ciyar da zuciya. Cikin minti 20 zuwa 30 ƙwayoyin da ke wurin sun fara mutuwa, daga cikin bango zuwa waje, kuma toshewa babba na iya cinye kusan biliyan ɗaya. A kwanakin farko fararen ƙwayoyin jini ke zuwa su kwashe matattun. Daga nan wasu ƙwayoyi masu saƙa su shimfiɗa zaren kolajin, cikin mako 6 zuwa 8 tabo ya kafu. Tabon nan kada ku raina shi, don ba domin shi ba da bangon ya fashe. Aibinsa dai ba ya tsukewa, kuma ba ya wuce da lantarki yadda ya kamata.

Saura fa? Ƙwayoyin da suka tsira sun zama kamar 'yan gayya da aka janye musu kashi ɗaya cikin huɗu, gonar kuma ba ta ragu ba. Tunda ba za su iya ƙara yawa ba, sai kowace ta ƙara girma, kuma girman iri biyu ne. Idan matsi ne ya yi yawa, kamar a hawan jini, ƙwayar kan jera sabbin sakomiya gefe da gefe, ta yi kauri, bangon zuciya ya yi kauri ya sandare. Idan kuwa jini ne ke cika ɗakin zuciya fiye da kima, kamar bayan mutuwar wani sashe ko yoyon murfin zuciya, sai ta jera su kai da kai, ta yi tsawo, ɗakin ya buɗe. Wannan canjin girma da siffa da ƙira shi likitoci ke kira sauyin fasalin zuciya. Marc Pfeffer da Eugene Braunwald na Boston ta Amurka na cikin waɗanda suka fayyace shi a 1990.

A nan lissafi ya shigo. Dokar Laplace ta ce: nauyin da ke kan bango daidai yake da matsin jini sau rabin faɗin ɗakin, a raba da ninki biyu na kaurin bangon. Ku duba da kyau. Da ɗaki ya buɗe, nauyi ya ƙaru ko da matsin jini bai motsa ba. Ƙarin nauyi kuma yana ƙara buɗe ɗakin. Haka abin zai yi ta ciyar da kansa.

Sauran jiki ma yana ƙara dagula lamarin, da kyakkyawar niyya. Ƙoda ta ga jinin da ke iso mata ya ragu, sai ta saki sinadarin renin, wanda ke haifar da anjiyotensin da aldosteron; su kuma su tsuke jijiyoyi, su riƙe gishiri da ruwa. Jijiyoyin gaggawa su ƙara wa zuciya sauri. Ga wanda ya zubar da jini a hatsarin mota, wannan tsari ceto ne. Ga zuciyar da ta raunana kuwa, ƙarin kaya ne wata da watanni, har wasu ƙwayoyin su ci gaba da mutuwa, kolajin ya cika tsakaninsu. Ƙarshensa gazawar zuciya: haki, kumburin ƙafafu, kasa kwanciya sai an tara matasai.

A nahiyarmu ba toshewar jijiya ce babbar hanyar zuwa nan ba. Wani bincike da aka buga a 2012, kan majinyata 1,006 a ƙasashen Afirka 9, ya gano hawan jini ne sanadi a kusan kashi 45 cikin 100, toshewar jijiya kuwa ba ta kai kashi 8 ba. Akwai kuma ciwon zuciyar da ke kama mata gab da haihuwa ko bayanta, wanda Davidson da Parry suka yi nazarinsa a Zariya a shekarun 1970. Bincike a Sakkwato da Kano ya nuna yana samun kusan mace ɗaya cikin masu haihuwa 100, adadin da ke cikin mafiya yawa a duniya. Da farko an fi zargin wankan jego da kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan ya ƙara duba hawan jinin masu ciki, rama, da ƙarancin sinadarin seleniyam, wanda aka lura da shi a Yamai tun 1992. Abin lura ga darasinmu shi ne, wasu daga cikin matan nan zuciyarsu kan koma kusan yadda take. Ashe sauyin fasali yana iya juyawa.

Shin ba ta sabuntawa ko kaɗan?

An daɗe ana koyar da cewa ko ɗaya ba ta ƙaruwa. Amsar ta zo ta wata hanya mai ban mamaki. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya a sararin sama, kafin yarjejeniyar hana su ta 1963, sun ƙara yawan kabon-14 a iska, daga nan ya riƙa raguwa shekara bayan shekara. Kabon ɗin ya shiga tsirrai, ya shiga abinci, ya shiga DNA na duk ƙwayar da aka ƙera a lokacin. Ke nan yawansa a cikin ƙwaya na nuna shekarar haihuwarta. Da wannan dabara Olaf Bergmann da Jonas Frisén na Cibiyar Karolinska a Suwidin suka nuna a 2009 cewa ɗan shekara 25 na sabunta kusan kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin tsokar zuciyarsa a shekara, ɗan shekara 75 kuwa kashi 0.45. Duk tsawon rai ba a canza rabinsu. Ƙofa dai a buɗe take, amma ƙaramar ƙofa ce. Ba za ta mayar da biliyan ɗaya ba.

Wasu halittu sun fi mu. A 2002 Kenneth Poss da Mark Keating sun yanke kashi 20 cikin 100 na ɗakin zuciyar kifin zebira, cikin wata 2 ya mayar da shi da tsoka. Daga baya aka gano tsofaffin ƙwayoyin ne ke warware sakomiyarsu, su rabu, su sake ɗaurewa. A 2011 kuma masu bincike a Dallas, ciki har da Enzo Porrello da Hesham Sadek da Eric Olson, suka ga jaririn ɓera ɗan kwana 1 na yin haka, amma ɗan kwana 7 sai tabo. Ɗaya daga cikin bayanan da ake bayarwa shi ne, yawan oksijin bayan haihuwa na sa maitokondiriya fitar da sinadarai masu lahanta DNA, sai ƙwayar ta kulle hanyar rabuwa don kare kanta.

Ƙoƙarin gyara

A farkon shekarun 2000 an yi ta murna cewa ƙwayoyin ɓargo, ko wasu ƙwayoyin tushe da aka ce suna ɓoye a zuciya, za su rikiɗa su zama tsoka. Wasu ɗakunan bincike sun gwada, abin bai fito ba. A 2018 Jami'ar Harvard ta nemi a janye takardu 31 daga ɗakin binciken Piero Anversa saboda bayanan bogi. Shekaru da kuɗi masu yawa sun tafi a banza, kuma darasi ne gare ku: sakamakon da wani bai iya maimaitawa ba, bai zama ilimi ba tukuna.

Hanyoyin da ake bi yanzu sun fi tushe. Bayan Shinya Yamanaka na Japan ya nuna a 2006 cewa ana iya mayar da ƙwayar fata ta zama ƙwayar tushe, an iya ƙera ƙwayoyin tsokar zuciya daga ita a ɗakin gwaji. Ƙungiyar Charles Murry ta dasa ƙwayoyin tsokar da aka ƙera daga ƙwayoyin tushe na ɗan tayi a zuciyar birai a 2014. Sun kama, amma bugun ya rikice, domin sabbin ƙwayoyin na tayar da lantarki da kansu. A 2019 ƙungiyar Mauro Giacca ta tilasta wa ƙwayoyin zuciyar aladu rabuwa. Tsoka ta ƙaru, amma da aka kasa tsayar da rabuwar, yawancin aladun suka mutu farat ɗaya. A Osaka ta Japan da Göttingen ta Jamus an fara liƙa wa mutane ƙalilan shimfiɗar tsokar da aka ƙera. Yawancin wannan gwaji ne, bai zama maganin yau da kullum a asibiti ba. Wanda ya ce muku yana sayar da allurar sabunta zuciya, ku riƙe kuɗinku.

Abin da ya tabbata shi ne taka wa sauyin fasali birki. A wani gwaji na 1992 kan mutum 2,231 da suka yi toshewar jijiya, maganin kaftofiril, mai hana samar da anjiyotensin, ya rage mace-mace da kashi 19 cikin 100. Yau likitoci na haɗa irinsa da masu rage saurin zuciya kamar bisofurolol, da sifironolakton, da wani rukunin magani da asalinsa na ciwon suga ne. Ba sa haifar da sabuwar tsoka; sauke wa mai rai kaya suke yi, har ɗakin da ya buɗe ya iya raguwa. Mafi sauƙi kuma shi ne auna hawan jini da shan magani kafin bango ya fara kauri.

Aikin gida

Wata zuciya rabin faɗin ɗakinta santimita 2.5 ne, kaurin bangonta santimita 1. Bayan cuta rabin faɗin ya koma 3.5, kaurin ya koma 0.8, matsin jini bai canza ba. Ku yi amfani da dokar Laplace ku gano sau nawa nauyin bangon ya ƙaru, sannan ku bayyana a layi biyar dalilin da zai sa likita ya ce wa mai wannan zuciya ya rage gishiri. Ku kawo a darasi na gaba.