Yadda ake sa fanka ta kunna kanta in inbata ta yi zafi

Daga Maris zuwa Afrilu, lungun da aka ajiye inbata da batir a shagunan Kawo ko Unguwar Rimi a Kaduna yakan yi zafi har inbatar ta ɗauke da kanta. Barin fanka a kunne dare da rana kuwa cin batir ne kawai. Maganin shi ne a ba fankar 'yar ƙwaƙwalwa.

Kayan aikin ba yawa: allon Arduino Uno, ma'aunin zafi LM35, taransista IRLZ44N, diyod 1N4007, resista mai om 220, da fankar tsohuwar kwamfuta mai bolt 12. Fankar a leƙa kasuwar Panteka, sauran a tambaya wajen masu kayan lantarki a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi.

Fara da LM35. Juyo shafaffen gefensa ya fuskance ka, ƙafafu ƙasa: ta hagu zuwa 5V na Arduino, ta tsakiya A0, ta dama GND. In ka juya shi, zai ɗau zafi nan take har ya ƙona yatsa. Kowane digiri ɗaya milibolt 10 yake bayarwa, Arduino kuma yana karanta lamba daga 0 zuwa 1023, don haka a cikin shirin da za ka rubuta masa sai ka ninka abin da ya karanta da 500 ka raba da 1024, digirin ya fito.

Kada ka jona fanka kai tsaye a Arduino, ƙafarsa ba ta da wannan ƙarfin. Taransista ce makunni: in rubutunta ya fuskance ka, ƙafafu ƙasa, ƙafarta ta hagu zuwa lamba 9 ta Arduino ta cikin resista, ta tsakiya ga baƙar wayar fanka, ta dama GND. Jar waya ta tafi bolt 12. Diyod ya gitta wayoyin fankar biyu, gefensa mai zobe wajen ja. Haɗa GND ɗin Arduino da na batir, ka ciyar da allon da cajar waya ta mota.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne sa lamba ɗaya tal. Ka ce ta kunna a 40 ta mutu a 40, sai fanka ta yi ta kunnawa tana mutuwa kamar wutar NEPA. Bar tazara: ta tashi a 40, kada ta tsaya sai zafi ya sauko 35. Ɗauki karatu goma ka fitar da matsakaicinsu, don LM35 na ɗan rawa.

Maƙala ma'aunin kusa da inda zafin ke fitowa, nesa da iskar fankar. Gwada shi da kofin shayi mai zafi a gefensa. Lokacin hunturu kuma a riƙa kakkaɓe ƙurar da ke taruwa a fikafikan.