Yadda ake sauke manyan farantan sadarwa daga kan ƙarfen sabis

Duk wanda ya ɗaga kai ya kalli ƙarfen sabis zai ga wasu abubuwa masu kama da ganga a manne da shi. Ba su ne ke kawo sabis cikin waya ba, dogayen farare masu kama da allo ne ke wannan aikin. Gangunan farantan maikurowef ne. Suna ɗaukar kira da data daga wannan ƙarfe zuwa wani mai nisan kilomita da yawa, kuma dole farantan biyu su fuskanci juna ba tare da wani abu ya gitta ba.

Da zarar wayar faiba ta iso wuri, babban faranti yakan zama kaya kawai. Kamfanoni irin su IHS da ATC, masu ba MTN da Airtel hayar ƙarafa a Najeriya, suna lissafin abin da kowane ƙarfe zai iya ɗauka, ga shi kuma ana neman gurbin kayan 5G.

Faranti mai faɗin mita 3 yakan wuce kilo 200. Amma iska ta fi nauyin haɗari. Fuskarsa ta kai murabba'in mita 7, kuma idan gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfin turinta yakan ninka sau 4. Shi ya sa ba a fara aikin idan hadari ya haɗo, musamman a farkon damina.

Kafin kowa ya hau, ana mayar da hanyar sadarwar kan faiba ko wani farantin. In ba haka ba, gari guda na iya wayar gari babu sabis, POS ma ta tsaya. Sai a kashe na'urar, a rage ƙarfin eriyoyin da ke kusa don kare ma'aikata. Daga nan a cire wayoyi, a ɗaure farantin da igiyar da ta bi ta wata tayar ƙarfe a samansa, a ja har sai igiyar ta karɓi nauyin gaba ɗaya. Sai a lokacin ake taɓa noti. Nan ne wurin da ya fi tsauri, domin nauyin farantin yana rinjaya ta gaba, yana rabuwa da ƙarfen sai ya nemi kifewa ko ya yi lilo. Mutanen ƙasa suna riƙe da wasu igiyoyi ta gefe don hana shi bugun ƙarfen, kuma ba mai tsayawa a ƙarƙashinsa.

A dogayen gine-gine, inda motar kiren ba ta kaiwa, akan kwance shi gunduwa-gunduwa tun a sama. Hasumiyar BT da ke Landan, wadda aka buɗe a 1965, ta rabu da tsofaffin farantanta a 2011 bayan sun daina aiki sun fara lalacewa. Sai da aka nemi izinin hukuma tukuna, saboda ginin na cikin kayan tarihi.