Faifan Ajiya Idan Ya Ƙi Buɗewa: Hanyoyin Ceto Fayiloli

Gabatarwa

A da, ɗalibin da ya fita ƙauye neman waƙoƙin niƙa ko tatsuniyoyi yakan dawo da kaset-kaset cike da jaka. In ɗaya ya tsinke sauran suna nan, shi ma tsinkakken a liƙe shi a ci gaba da saurare. Yau kuwa aikin shekara biyu, da muryoyi da hotuna da babi-babin kundi, duk suna cikin wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, watau faifan ajiya na waje da ake jona wa kwamfuta. Kwanakin baya wani abokin karatunmu ya ture nasa daga kan tebur yana cikin aiki. A ciki akwai hirarsa da wata tsohuwa mai waƙoƙin daɓe, wadda Allah Ya yi wa rasuwa bayan 'yan watanni da yin hirar. Faɗuwar ta yi ɓarna, amma abin da aka yi wa faifan cikin kwana ukun da suka biyo baya shi ne ya ƙarasa shi. Wannan takarda za ta yi ƙoƙarin nuna abin da ya kamata a yi a irin waɗannan kwanaki, da dalilin yin sa.

Yadda Faifan Yake Ajiya

Kamfanin IBM ne ya fito da irin wannan na'ura a 1956. Ta farkon faranti 50 gare ta, kowane faɗinsa inci 24, kuma haruffa wajen miliyan biyar kacal take ɗauka. Ta yau ta ƙanƙance ƙwarai, amma tsarin bai sake ba. Faranti ne mai shafen maganaɗisu, yana juyawa sau 5,400 a minti a galibin ƙananan faifai, da wani ɗan hannu mai allura a bakinsa tana karatu da rubutu. Wanda ya san garmaho zai gane siffar, sai dai ita wannan allura ba ta taɓa faranti. Shawagi take yi a kan iskar da juyawar ta tayar, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi siranta sau dubbai.

An yanka fuskar farantin gurbi-gurbi, kowane gurbi na ɗaukar bait 512, ko 4,096 a sababbin faifai. Can a wani ɓangare kuma akwai fihirisa, wadda ke riƙe da sunan kowane fayil da lambobin guraben da yake zaune. A nan sirrin yake. Idan mutum ya goge fayil, kwamfuta ba ta bin guraben ta share su. Alama kawai take sa wa a fihirisa cewa wurin ya zama fili. Haka nan fomat na gaggawa, sabuwar fihirisa yake shimfiɗawa wadda ba kome a cikinta. Misalinsa kamar laburaren da aka ƙone katunansa ne: littattafai suna nan a kan kanta, hanyar gano su ce ta ɓata. Suna nan kuwa har ran da aka kawo wasu aka ɗora a mazauninsu. Saboda haka duk abin da aka rubuta a faifan bayan hatsari, ko da manhajar ceton ce kanta, yana iya hawa kan abin da ake nema. Cikakken fomat shi dabam ne, domin tun daga Windows Vista sifili yake bi yana rubutawa a kowane gurbi, wanda ya yi shi sai haƙuri.

Rarrabe Cuta

Kafin a zargi faifan, a sake kebul, a sake kafar da aka jona shi, a gwada wata kwamfutar. Sau da yawa wutar da ke isa gare shi ce ba ta ishe shi tashi ba. Wani lokaci kuma ɗan allon da ke haɗa shi da USB ne ya ƙone, faifan kansa lafiya lau, in an zare shi daga gidansa aka sa a wani sai ya buɗe. Ba kowane ne ke yarda da haka ba, don wasu an narka musu kafar USB a jikin allonsu.

Daga nan sai a kasa kunne. Faifan da ya tashi yana juyawa sumul, amma kwamfuta ta ce sai an yi masa fomat, galibi fihirisarsa ce ta rikice, ko don an fizge shi yana cikin rubutu, ko don wuta ta ɗauke. Kada a amsa mata da to. Wanda kuwa yake ƙas-ƙas-ƙas, ko yake ɗan kuka ya kasa juyawa, wannan ciwonsa a jiki yake: allura ta lalace ko ta manne wa faranti. Nan take a cire shi.

Irin wannan ƙara faifan abokinmu ya yi. Ya yi ta jona shi yana cirewa, ko Allah Zai sa ya kama. Duk jonawa kuwa lanƙwasasshiyar allura tana kankare shafen da muryar tsohuwa take ciki, garin da ta kankaro kuma yana ƙara wata ɓarnar. Wani ya ba shi shawara ya sa shi a firji ya kwana, dabarar da ke jawo raɓa a cikin faifai in an fito da shi. Rana ta uku ya kai wa mai gyara a kasuwa, aka kwance shi a kan benci, da hunturu, ƙura na tashi. Ƙwararrun wannan aiki a ɗaki mai tace iska suke buɗe faifai, su ɗauko allura daga wani faifan irinsa sak su musanya. Aikin da tsada, ba kuma kowane gari ake samun masu yin sa ba. Amma faifan da aka ajiye a aljihun tebur zai jira har a tara kuɗi. Wanda aka kankare kuwa ba kuɗin da za su mayar da shi.

Kwafi Kafin Magani

Idan faifan yana karantuwa, ko da da ƙyar, aikin farko shi ne a ɗauki kwafinsa gurbi-da-gurbi zuwa wani lafiyayye wanda bai gaza shi girma ba. Kwafin da muka saba yi ba zai wadatar ba, domin in ya iske mataccen gurbi nan zai tsaya yana ta maimaitawa, faifan na zafi, alhali mai yiwuwa 'yan awoyi suka rage masa a duniya. Manhajar GNU ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya rubuta kuma kyauta ce a Linux, hikimarta ita ce ta fara kwashe wurare masu sauƙi, ta tsallake masu wuya, sai daga baya ta komo musu. Tana kuma ajiye taswirar inda ta kai, ta yadda in wuta ta ɗauke za a ɗora daga nan. Mu da muka san halin wutarmu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Duk wani gwaji a kan kwafin za a yi shi, asalin a ajiye. A guji chkdsk na Windows tukuna. Shi burinsa fihirisa ta daidaita, ko da zai yanyanka fayiloli ya tara gutsattsarin a wata folda. TestDisk na Christophe Grenier yakan nemo ɓangaren faifan da ya ɓace, kuma in an dace sai fayiloli su dawo da sunayensu da foldodinsu. In fihirisa ta lalace sarai, sai a koma ga ɗan'uwansa PhotoRec, wanda ba ruwansa da fihirisa. Gurabe yake bi ɗaya bayan ɗaya yana neman tambarin da kowane irin fayil ke farawa da shi: fayil ɗin murya na WAV da haruffan RIFF yake somawa, na PDF kuma da %PDF. Rauninsa shi ne doguwar hira da ta warwatsu a wurare dabam-dabam takan fito guntuwa. Abin da aka ceto kuma a zuba shi a faifai na uku. (Duk wannan bayani bai cika shafar faifan SSD ba. Shi ba faranti gare shi ba, kuma inda umarnin TRIM yake aiki yakan share gogaggen fayil da kansa ba da jimawa ba.)

Akwai wata asara da ta fi shafar mu masu nazarin adabin baka. PhotoRec ba ya dawo da suna, lambobi yake raɗa wa fayiloli. Sai mutum ya wayi gari da muryoyi ɗari uku, bai san wace ce ta Gumel wace ce ta Argungu ba, balle sunan mai waƙa ko ranar da aka ɗauka. Waƙar da ba a san mai ita da garinta ba kuwa, da wuya ta zama hujja a kundi. Malamanmu da suka yi aiki da kaset sukan fara kowace ɗauka da faɗin rana da gari da sunan wanda za a yi hira da shi, kafin su miƙa masa makirufo. Da yawanmu mun bar wannan al'ada don muna ganin sunan fayil ya ɗauke mana. Sunan fayil a fihirisa yake zaune, yana tafiya tare da ita. Abin da aka faɗa da baki a farkon ɗauka kuwa yana cikin guraben farko na fayil ɗin, waɗanda su ne manhajar ke fara tsinta.