Matsayin Ido da Kunne da Hannu a Sana'ar Ƙarfe

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi zai duba yadda ma'aikacin ƙarfe yake dogara ga idonsa da kunnensa da hannunsa, da kuma matsayin wannan ƙwarewa a zamanin da kwamfuta take sarrafa injina.

2.0 Maƙerin Gargajiya

Maƙeri ba shi da ma'aunin zafi, launin ƙarfe shi ne ma'auninsa. Idan aka zuga wuta, ƙarfe yakan fara yin ja mai duhu, sannan jawur, sannan ruwan ɗorawa, daga bisani fari. Da zarar ya fara tartsatsi, to ya soma ƙonewa. Haka kuma daga amon masaba a kan uwar maƙera yakan gane ƙarfe ya huce ko yana da tsaga. Yaro yana tsintar wannan ilimi ne tun yana jan zugazugi.

3.0 Injin Zamani

A shekarar 1952 aka nuna injin yankan ƙarfe mai bin umarnin lambobi a cibiyar MIT ta Amurka. Irinsa na yau manhaja ce take lissafa masa gudun wuƙa da zurfin yanka, yana kuma maimaita aiki ba gajiya. Sai dai lissafin ya ginu ne a kan abin da aka shigar. Idan wuƙa ta dakushe ko ɗauri ya yi sako-sako, sau da yawa ma'aikaci ne yake fara ganewa: ƙara ta sauya, jikin inji yana karkarwa, launin ɓarɓashi ya canza. In bai tsayar da injin ba, kaya su lalace, ko wuƙa ta karye ta yi wa mutum rauni.

4.0 Iyakar Gaɓoɓi

Su ma gaɓoɓi suna da iyaka. Sandar ƙarfe mai tsawon mita 1 takan ƙaru da kimanin milimita 0.012 idan zafinta ya hau da digiri 1, abin da ido ba ya gani. Yawan ƙara kuma yana rage ƙarfin ji.

5.0 Kammalawa

Ke nan na'ura ta fi mutum awo, shi kuwa ya fi ta lura da abin da ba a zata ba. Wajibi ne malami ya kai ɗalibai maƙera, domin gani ya kori ji.

Jinga

1. Jero launukan ƙarfe daga fara zuga har zuwa ƙonewa.
2. Kawo misalai biyu na irin wannan ƙwarewa daga sana'ar rini.