ƘARAMAR MOTA DA SHAN MAI: YADDA ZA A SAN GASKIYAR LISSAFI

An shirya wannan darasi domin hakimai da malamansu na ƙasar Katsina, waɗanda aikin rangadi da zuwa majalisa ya sa ba su rabuwa da mota. Tun ran 29 ga watan Mayu 2023, sa'ad da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuɗin mai ya zama babban kashi a cikin abin da kowane ofis ya ke kashewa. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000 a wurare da dama.

Ga abin da ya kan faru. Hakimi ya sayi ƙaramar mota, irin su Corolla ko Golf ko Civic, dillali ya ce masa ba ta shan mai, har ya nuna masa takardar kamfani. Bayan wata guda sai malami ya kawo lissafi, a ga man da aka sha ya ɗara abin da a ke zato nesa ba kusa ba. Sai a kira direba. Shi kuwa ba shi da abin cewa sai, "Ranka ya daɗe, wallahi ban taɓa ko ɗigo ba." Mai yiwuwa ne ya yi gaskiya, mai yiwuwa ne bai yi ba. Babu mai iya raba wannan gardama sai wanda ya auna. Abin da za mu koya ke nan.

1. Lambar kamfani

Lambar da kamfani ya ke rubutawa ba a bisa hanya a ke samunta ba. A cikin ɗaki a ke gwada motar, a ɗora tayoyinta bisa wasu gangunan ƙarfe masu juyawa, ta yi ta gudu a wuri ɗaya. Tsohon gwajin ƙasashen Turai, wanda aka auna wasu daga cikin motocin da a ke kawo mana na hannu da shi, minti 20 ne kawai, tafiyar kilomita 11. Babu rami, babu rairayi, babu kaya a but, an kuma kashe fitilu da na'urar sanyi, wadda direbobi ke kira esi.

Wata ƙungiyar bincike mai suna ICCT ta gwama wannan lamba da abin da masu motoci su ke sha a zahiri a Turai. Ta tarar a 2001 bambancin kashi 9 ne cikin ɗari, amma a 2015 ya kai kashi 42. Saboda haka aka sake gwajin daga watan Satumba 2017, aka mai da shi minti 30 da tafiyar kilomita 23. Amurka ta riga ta gyara nata tun 2008. Har ma an sami kamfanonin da su ka ƙara gishiri: a 2014 Hyundai da Kia sun biya gwamnatin Amurka tarar dala miliyan 100 saboda lambobin da su ka wuce gaskiya, a 2016 kuma Mitsubishi ya amsa cewa ya yi aringizo a lissafin ƙananan motocinsa a Japan.

To, in haka abin ya ke a kan titunan Turai, ina ga hanyar ƙauye da damina? Amfanin lambar kamfani ɗaya ne, watau a gwama wannan mota da waccan kafin a saya. Ba a yi wa direba hukunci da ita.

2. Mil, galan da lita

Wajibi ne malami ya san wane awo a ke magana da shi, domin iri uku ne. Galan na Ingila, wanda iyayenmu su ka saba da shi, lita 4.55 ne. Galan na Amurka lita 3.79 ne. Mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne da ɗan ɗoriya. Saboda haka in an ce mota tana yin mil 40 a galan, in lissafin Amurka ne kilomita 17 ke nan a lita, in na Ingila ne kilomita 14 da ɗan kai. Mutanen Jamus da Faransa su kan juya lissafin, su faɗi lita nawa mota ke sha a kilomita 100. Wannan sai a raba 100 da lambar. Motar da aka rubuta mata lita 6 tana yin kusan kilomita 17 a lita ke nan a takarda. In aka ɗora mata wancan kashi 42, sai ta koma lita 8 da rabi, watau ƙasa da kilomita 12 a lita.

3. Yadda a ke aunawa

Kada a dogara da allurar tanki, domin ba ta sauka daidai wa daida. Ga hanya mai sauƙi.

Na farko, a je gidan mai a cika tanki har famfon ya tsaya da kansa. A rubuta lambar da ke jikin agogon da ke ƙirga tafiya a gaban direba.

Na biyu, a yi aiki da motar kamar yadda aka saba, har mai ya yi ƙasa da rabi.

Na uku, a koma wannan gidan mai, in da hali wannan famfo, a sake cikawa. A rubuta lita nawa ta ci, da sabuwar lambar agogo.

Na huɗu, a ɗebe tsohuwar lamba daga sabuwa, a raba abin da ya rage da yawan litar.

Misali: ran Litinin agogo ya nuna 84,200. Ran Asabar ya nuna 84,620, tanki kuma ya ci lita 35. Tafiyar da aka yi kilomita 420 ce. In an raba 420 da 35 za a sami 12. Wannan mota tana yin kilomita 12 a lita.

A lura ko agogon mil ya ke ƙirgawa, kamar yadda ya ke a motocin da aka kawo daga Amurka. In haka ne sai a ninka da 1.6 tukuna. Awo ɗaya kuma ba ya isa. A yi sau uku ko huɗu, a raba na cikin gari dabam, na doguwar hanya dabam. Man jarka na bakin hanya ba ya shiga wannan lissafi, domin babu tabbacin mudunsa.

4. Abubuwan da ke ƙara shan mai

Gajeriyar tafiya. Inji mai sanyi ya fi shan mai, tsayawa da tashi kuma su ne su ka fi cin sa. Motar da aikinta daga gida zuwa Ƙofar Soro ne, ta ratsa cunkoson 'yan acaɓa da masu keke Napep, ba za ta taɓa kamo wadda ta fita ta Ƙofar Ƙaura ta miƙe hanyar Kano ba.

Gudu. Iskar da mota ke turewa tana ƙara nauyi fiye da yadda gudun ya ke ƙaruwa. A gudun kilomita 120 a awa nauyinta ya fi ninki biyu na gudun 80. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce yawancin motoci su kan fara zubar da mai da zarar sun wuce kilomita 80 a awa, kuma tuƙin gaggawa, na taka totur da ƙarfi a bi shi da burki, ya kan rage nisan da lita ke kaiwa da kashi 15 zuwa 30 a babbar hanya. Mai zuwa Kano dole ya rage gudu a Caranci da Kankiya da Tsanyawa da Bici, don haka lokacin da gaggawa ta ke ceto masa kaɗan ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Na'urar sanyi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Katsina ya kan wuce digiri 40. A irin wannan zafi, musamman a gajeriyar tafiya, esi na iya cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na nisan lita. A ajiye mota a inuwa, a kuma buɗe tagogi zafi ya fita kafin a kunna ta.

Barin inji yana aiki a tsaye. Motar da ke jiran hakimi a ƙofar fada da injinta a kunne tana shan lita ɗaya zuwa biyu a awa, agogo kuwa bai motsa ba. Motocin yanzu ba su bukatar dogon ɗumi da safe, rabin minti ya isa.

Kaya. Kowane kilo 45 na ƙarin nauyi ya kan ƙara kusan kashi ɗaya cikin ɗari, ƙaramar mota kuma ta fi babba jin sa. Buhun hatsi biyu da aka manta a but suna shan mai kullum. Kayan da aka ɗaure a bisa rufi sun fi haka ɓarna, saboda suna tare iska.

Taya da inji. Taya mai ƙarancin iska tana jan mota baya, tana kuma saurin cinyewa. A je wurin mai faci da safe kafin taya ta yi zafi, a bi awon da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Da hunturu a riƙa duba matatar iska saboda ƙura. A tsofaffin motoci masu kafireto toshewarta na ƙara shan mai, a sababbi kuwa ƙarfin motar ta ke ragewa.

Hanya. Burji da rairayi da taɓo su kan tilasta tafiya da ƙaramar giya. Kada a auna rangadin ƙauyuka da ma'aunin kwalta.

5. Littafin mota

Ya kamata kowace motar aiki ta sami littafinta a hannun malami, mai gida shida: kwanan wata, inda aka je, lambar agogo, lita nawa, kuɗi nawa, sa hannun direba. Da wannan littafi hakimi zai san man da zai bayar tun kafin a tashi. Daga Katsina zuwa Kano da komowa kimanin kilomita 340 ne. Motar da ke yin 12 a lita tana bukatar lita 28 da ɗan kai, ban da zirga-zirgar cikin Kano.

Kada a raina ƙaramin bambanci. Motar da ke tafiyar kilomita 1,200 a wata, in tana yin 12 a lita za ta sha lita 100, in ta faɗo zuwa 10 za ta sha 120. A shekara lita 240 ke nan. A ce lita naira 1,000 ce, an yi asarar naira 240,000. Da yayyafi kogi kan cika.

In lissafi ya faɗi farat ɗaya alhali aikin bai sake ba, a fara da taya, sa'an nan a kai wa makaniki ya duba fulogi, da burkin da ke riƙewa, da yoyon tanki. A kuma gwada wani gidan mai, ko famfon ne ba ya cika awo. Sai duk waɗannan sun fita lafiya kana a zauna da direba, da littafi a buɗe a gabansa. Ta haka dukiyar jama'a za ta tsira, mutumin kirki kuma ba zai rasa abincinsa bisa zato ba.

Tambayoyi

1. Mota ta yi kilomita 390 da lita 30. Kilomita nawa ta ke yi a lita?
2. Lita nawa za a ba wannan mota domin zuwa Daura da komowa, in an ɗauki tafiyar duka kilomita 160?
3. Direba ya ce mai ya tafi wajen jira a ƙofar fada na awa uku da inji a kunne. Lita nawa za a iya yarda masa?

Allah ya sa mu riƙe amana, ya kiyaye mu a kan hanya, amin.