Murjani Mai Dafi: Daga Mashin Mutanen Hawai Zuwa Akwatin Kifin Falo

Idan aka tambayi ɗalibi a Kademi ko Gaya ko Ajingi mene ne murjani, zai ce jan dutsen ado ne da mata ke ɗaurawa a wuya ko a hannu. Amsar tana kan hanya, amma ba ta cika ba. Murjani na ainihi ƙashin wata ƙaramar dabba ce ta teku. Daga Bahar Rum ake ciro jan, kuma ta hannun fataken Tarabulus da Gadamas ya riƙa ratso Sahara har ya iso Kano. Wannan murjani na ado matacce ne, ba ya cutar da kowa. Sai dai yana da dangi masu rai, kuma a jikin wasunsu akwai dafin da ke cikin mafiya ƙarfi da masana suka taɓa aunawa.

Dabba ce mai kama da fure

Kowace ƙwayar murjani tana da jiki mai laushi kamar ɗan buhu, da baki guda a sama, da 'yan hannuwa kewaye da bakin waɗanda take kama abinci da su. Ɗaruruwa ko dubbai sukan zauna manne da juna a kan dutse. Wasu na gina ƙashi mai tauri, wasu ba sa yi. Daga cikin marasa ƙashin akwai jinsin da masana ke kira Palythoa, wanda yakan cusa ƙwayoyin rairayi cikin naman jikinsa don ya sami ƙarfi. Idan ya buɗe a ƙarƙashin fitila sai ka ce furanni ne aka jera, wasu kore, wasu ruwan ƙasa.

Wannan kyan gani, tare da saurin yaɗuwa da jure wahala, shi ya sa masu kiwon kifin ado a Turai da Amurka da Asiya suke sayensa, su sa a akwatin gilashi mai ruwan gishiri a tsakiyar falo. Akwatunan kifin da aka saba gani a otal-otal da gidaje a Kano galibi na ruwan daɗi ne, murjani kuwa ba ya rayuwa a cikinsu. Amma ciniki ta intanet ya rage nisan duniya, kuma ɗalibin yau shi ne gobe zai yi aiki a ɗakin gwaji, ko asibiti, ko kantin kifin ado a wata ƙasa.

Kududdufin Hana

Mutanen Hana, a tsibirin Maui na Hawai, suna da tsohon labari na wani ɗan kududdufi a bakin teku inda wani "gansakuka mai kisa" yake tsirowa. An ce mayaƙa suna shafa shi a tsinin mashi, duk wanda aka soka ba ya tashi. A ƙarshen Disamban 1961 wasu masu bincike na Jami'ar Hawai suka gano wurin suka ɗebi samfuri, duk da gargaɗin mutanen garin cewa yin haka na jawo masifa. A daidai wannan lokaci gobara ta cinye babban ginin ɗakin binciken teku na jami'ar. Kimiyya ba ta ga alaƙa tsakanin abubuwan biyu ba, amma dai labarin ya ƙi mutuwa. Abin da aka tabbatar shi ne gansakukan nan dabba ce, wadda aka raɗa wa suna Palythoa toxica. A 1971 Richard Moore da Paul Scheuer suka ware dafin, suka kira shi falitoksin.

Ƙwayar sinadarin nan ƙatuwa ce. Tana ɗauke da atam 129 na kabon, alhali sukarin shayi 12 kacal gare shi. Sai a 1981 aka gama gano yadda aka jera ta, sa'an nan a 1994 ƙungiyar Yoshito Kishi ta Jami'ar Harvard ta kammala haɗa ta a ɗakin gwaji. Idan aka yi wa ɓera allurarta a jijiya, abin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba ga kowane kilo na nauyin jiki ya isa kisa.

Zaure mai ƙofa biyu

A nan ne darasin yake, don haka sai a natsu. Kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum tana lulluɓe da tantani. A wajen tantanin sinadarin sodiyam ne ya fi yawa, a ciki kuwa fotasiyam. Da wannan bambanci jijiya ke aika saƙo, da shi tsoka ke motsi, da shi zuciya ke bugawa. Mai kiyaye bambancin wani ɗan famfo ne da ke cikin tantanin, wanda Jens Skou na ƙasar Denmak ya gano a 1957, har aka ba shi kyautar Nobel a 1997. A kowane zagaye famfon yakan fitar da sodiyam uku, ya shigo da fotasiyam biyu.

A kwatanta famfon da zaure mai ƙofa biyu, ɗaya ta waje, ɗaya ta cikin gida. Ƙa'idar wannan zaure ita ce ba a buɗe ƙofofin a lokaci guda. Baƙo zai shigo, a rufe ta waje, kana a buɗe ta ciki. Falitoksin yakan maƙale a famfon ya tokare duka biyun a buɗe, sai zaure ya koma hanyar kowa. Wurin da 'yan ɗaruruwa ke wucewa a daƙiƙa bisa tsari, sai miliyoyi su kwarara. Sodiyam ya afka ciki, fotasiyam ya zube waje, ruwa kuma ya bi sodiyam, har ƙwayar halittar ta kumbura ta fashe. Malami na iya nuna wannan ɗabi'a ta ruwa a aji ba tare da kashe ko sisi ba: a ƙwaƙule rami a jikin ɗanyen dankali, a zuba gishiri, kafin a tashi darasi ruwa ya taru a ramin.

Wani abin sha'awa kuma, maharban ƙasar Hausa sun daɗe da kai hari kan wannan famfo ba tare da sun san sunansa ba. Ƙwanƙwani, wanda ake haɗa dafin kibiya da 'ya'yansa, yana ɗauke da sinadaran da ke kama famfon nan. Haka ma farin ruwan tumfafiya, wadda ba sai an nuna wa ɗan Kademi ita ba, tunda tana nan a kowace saura da bakin hanya. Bambancin shi ne su kulle zauren suke yi, falitoksin kuwa wangale shi yake yi. Masana sun ci moriyar wannan saɓani. Idan suna zargin akwai falitoksin a wani samfuri, sai su haɗa shi da jajayen ƙwayoyin jini, bayan 'yan sa'o'i ƙwayoyin su farfashe. Sai su sake gwajin, amma su fara zuba wabayin, wato sinadarin da ake samu daga wani ɗan'uwan ƙwanƙwani. Idan wabayin ya hana fashewar, to alama ce mai ƙarfi cewa falitoksin ne, domin wabayin ya riga shi kama wurin zama.

Yadda yake cika gida

Muddin murjanin yana cikin ruwa ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Masifa tana farawa ne ranar shara. Palythoa yakan mamaye duwatsun akwati, sai mai shi ya ciro dutse ya kankare da buroshi, ko ya kwara masa tafasasshen ruwa. Dabbar da ta ji rauni takan fitar da majina mai dafi, zafin wuta kuma ba ya lalata falitoksin. Tururi da feshin ruwa su ne ke ɗaukarsa su bi iska. Duk wanda ya taɓa zama a gidan da barkono ya faɗa wuta ya san yadda abu kaɗan ke sa kowa tari har ƙuryar ɗaki.

A 2007 wani mutum a jihar Bajiniya ta Amurka ya kwanta asibiti bayan ya zuba ruwan zafi a kan irin wannan dutse. Wannan ya sa masu bincike na hukumar abinci da magunguna ta ƙasar suka sayo samfura daga kantuna, suka wallafa a 2011 cewa wasunsu cike suke da dafin. A Agustan 2014, a birnin Anchorage na jihar Alaska, an juye kilo 32 na murjani mai rai cikin wani akwati a gida, wasu gutsattsari suka faɗi ƙasa. Cikin sa'o'i mutanen gidan suka kamu da tari da zazzaɓi, karensu ma ya yi amai. Binciken da ya biyo baya ya ƙirga mutum 10 da suka kamu a jihar tsakanin 2012 da 2014. A 2017 iyali mai mutum 7 kusa da Adelaide a Ostireliya suka kwana asibiti, a 2018 kuma mutum 10 a yankin Oxfordshire na Ingila, ciki har da 'yan kwana-kwana 4 da suka je ceto.

Alamomin su ne ɗaci kamar na ƙarfe a baki, zazzaɓi, tari, sarƙewar numfashi da ciwon tsoka. Idan tsoka ta lalace da yawa fitsari kan yi duhu kamar ruwan shayi, ƙoda ta shiga wahala. Feshi a ido kuwa yakan ci baƙin idon, har wasu sai da aka yi musu dashe. A ƙasar da duk zazzaɓi ake fara ɗora wa sauro, likita ba zai yi tunanin murjani ba sai an gaya masa.

Matakan kariya

Ido ba ya rarrabe mai dafi da marar dafi, ko ƙwararru sai sun yi gwaji. Saboda haka ana ɗaukar kowane Palythoa da danginsa a matsayin mai dafi. Mai aiki da su zai sa doguwar safar hannu ta roba da tabarau mai rufe ido da takunkumi, kuma idan yana da rauni a hannu ya haƙura sai ya warke. Kada a tafasa dutsen murjani, kada a kankare shi a busasshe, kada a wanke shi da famfo mai feshi. In ya zama dole a ciro shi, a yi a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da yara da dabbobi. Ruwan bilic na wanki yana lalata dafin: a haɗa mudu ɗaya da mudu tara na ruwa, a jiƙa dutsen da kayan aikin aƙalla rabin sa'a, sa'an nan a ƙulle abin da za a zubar a leda biyu. Gawayin tace ruwa da ake sawa a akwatin yana tsotse mafi yawan dafin da ya narke, amma ba ya taɓa wanda ke jikin dabbar.

Idan tsautsayi ya faɗa, a fitar da kowa daga ɗakin, a buɗe tagogi. Fata a wanke ta da sabulu da ruwa mai yawa. Ido a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na minti 15 ko fiye, kada a murza, kuma wannan ita ce dokar da za a bi idan ruwan tumfafiya ko na tinya ya fantsama a idon yaro. Falitoksin ba shi da makari. Abin da asibiti ke yi shi ne ba da iskar oksijin da ƙarin ruwa, da sa ido kan zuciya da ƙoda har jiki ya farfaɗo, kuma mafi yawan waɗanda aka kai da wuri sun warke cikin 'yan kwanaki. Wanda ya raka majinyacin ya faɗi sunan murjanin da lokacin da aka taɓa shi, in da hali ya nuna hotonsa a waya.